Magatakardan Mai Rijiya

Littattafai uku na mallaka a ƙuruciyata, ban da na addini, kuma dukansu mutum ɗaya ya rubuta su. Malamin da ya koya mini Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, ta Madawa ne ya bar mini su ranar da aka mayar da shi ƙasarsu ta bakin teku. Ya ɗaure su da igiyar rama ya miƙo mini, ya ce in karanta, amma kada in yi dariya a gaban mutane. Na ɗauka wasa yake yi. Sai da na kai tsakiyar na farko na gane nufinsa, domin dariyar da marubucin nan yake sa mutum ba mai daɗi ba ce.

Ban taɓa ganin hotonsa ba, amma na daɗe ina ƙiyasta shi siririn mutum mai ciwon ciki wanda ba ya gaisawa da maƙwabta. Ba ya tausayin kowa. Littafinsa na farko labarin wani mai haƙa kabari ne da aka naɗa shugaban gari saboda shi kaɗai ne ba wanda ya taɓa kai ƙararsa. Na biyu na wasu ƴan'uwa ne da suka yi ta shari'a a kan bishiyar da ke iyakar gonarsu, har bishiyar ta mutu, alƙalin ya sa aka sassaƙa masa kujera da ita. Waɗannan biyun na karanta su sau da yawa. Amma na ukun ne ya shiga raina, har bangonsa ya rabu na ɗinke shi da zare.

Ga labarin a taƙaice. An aiki wani ma'aikacin gwamnati wani ƙauye ya haƙa musu rijiya. Mutanen garin suka nuna masa kwari, shi kuwa ya zaɓi kan tudu, saboda daga nan yana iya hango aikin daga tagar ɗakinsa. Aka yi wata da watanni ana haƙa, ba ko danshi. Da ya ji babban mai dubawa zai zo, sai ya sa mata suka yi ta ɗebo ruwa daga kwari suna zubawa a ramin. Mai dubawa ya zo, aka jefa guga ta fito da ruwa, aka rataya wa ma'aikacin lambar yabo. Wani tsoho da ya ce ramin busasshe ne aka kai shi gidan mahaukata. Daga ƙarshe aka ƙara wa ma'aikacin girma ya tafi birni, aka hukunta ƙauyen saboda sun bar rijiyar gwamnati ta ƙafe. A nan littafin ya tsaya, ba wa'azi, ba ban haƙuri.

A shekarun da ake yaƙin Turawa na biyu ni ne tafinta a biro, wato ofishin mulki. Aikina in tsaya a gefen kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, in juya maganarsa zuwa Hausa, in juya ta mutane zuwa Faransanci. Kumandan na lokacin ba mai duka ba ne, ba kuma mai ihu ba. Dogo ne, yana da wani farin ƙyalle da yake share wuyansa da shi, ya dube shi, ya ninke, ya mayar aljihu. In ka ga ya ninke ƙyallen nan sau huɗu, to ya gama yanke hukunci. A zamanin, yana iya jefa mutum kaso, wato kurkuku, kwana goma sha biyar ba tare da shari'a ba, ni kuwa ma'aikaci, yana iya korata ko ya sa a tura ni wani gari can cikin hamada da takarda ɗaya. Ina da mata da ƴaƴa biyu, ga mahaifiyata a ƙauyenmu Deule tana jiran abin da zan aika. Da wannan tsoron nake tashi kowace safiya.

Akwai shekarar da gwamna zai zo rangadi, kumandan ya ga hanyar shiga gari ba inuwa. Ya sa aka sassaro rassan aduwa da magarya aka kakkafa su gefe da gefe, aka sa mata suna ba su ruwa kwana huɗu, da rani, lokacin da ake layi a bakin rijiya tun asuba. Gwamna ya wuce ya yaba, rassan suka bushe aka kwashe su aka yi girki. Ni na faɗa wa masu unguwa wannan umarni. Har ma na ƙara barazanar da kumandan bai yi ba, don aikin ya yi sauri kada laifi ya faɗo kaina.

A wannan shekarar ne kawuna, yayan mahaifiyata, ya dawo gidana da zama. Maginin rijiya ne tun yana saurayi, ya haƙa daga Deule har kwarurukan Keita, sai gwiwa ta kama shi ya daina shiga rami. Mutum ne marar yawan magana, gajere, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. Zaman banza ya dame shi. Wata rana bayan la'asar ya same ni a zaure ina karatu ina murmushi, ya tambaye ni abin da ke cikin takardar da yake sa babban mutum washe baki shi kaɗai. Na ce labarin wata rijiya ne. Ya gyara zama.

Haka aka fara. Kullum in na taso daga aiki sai in buɗe littafin in juya masa shafi biyar ko shida zuwa Hausa. Kafin mako biyu, maƙwabcina majemi ya fara zuwa, sai wani mai awon hatsi, sai ƙanensa, har muka zama mu tara ko goma a zaure. Kawu ne alƙalin labarin. Yakan tsayar da ni ya tambayi launin ƙasar da ake fitarwa daga ramin, ko gaba nawa aka kai, in na faɗa sai ya girgiza kai ya ce ai ko jaki ya san ba ruwa a nan. Na yi ƙoƙarin gaya masa ƙagaggen labari ne, ba a taɓa yi ba. Bai yarda ba. Ya ce ba mai hankalin da zai ɓata takarda da tawada a kan tatsuniya, kuma wanda ya rubuta wannan ya san rijiya, ya san mutane. A wurinsa abin da ke cikin littafi shaida ne.

Ni kuma daɗin sauraro ya ɗebe ni. Mutumin da yake wuni yana maimaita maganar wani, ya samu masu jiran tasa, sai kai ya kumbura. Marubucin bai ce ma'aikacin nan yana da ƙyalle ba. Ni na ba shi. Wata rana da na zo inda zai yanke wa tsohon hukunci, sai na ciro gefen rawanina na share wuya, na duba, na ninke sau huɗu. Sai majemi ya kife da dariya har yana dukan ƙasa. Ba wanda ya ambaci kowa, amma daga ranar, duk inda ma'aikacin ya fito sai sun jira in share wuya.

Akwai kuma abin da na rage. A littafin, ma'aikacin yana da magatakarda, ɗan ƙauyen, mai tabarau, wanda ya san tun ranar farko ba ruwa a tudun. Shi ne yake kai wa mata umarni, shi ne ya rubuta cewa rijiya ta cika, shi ne kuma ya raka tsohon gidan mahaukata yana riƙe masa da buta. Marubucin ya ba shi shafuka da yawa. Ni duk inda na zo kansa sai in tsallake. Na gaya wa kaina yana ja wa labari tsawo ne, kuma mutanen zaure ba za su ji daɗinsa ba.

Ban san abin ya fita daga zaurena ba sai da muka je garin Buza rangadi. Ranar kasuwa ce, kumandan na gaba a kan doki, ina biye. Muna ratsa rumfunan masu gishiri sai na ji wata mata tana ce wa ƴar'uwarta ta janye tabarma, ga mai rijiya nan tafe. Na waiga na dube ta. Ban san matar ba, ba ta san ni ba. Bayan wata ɗaya wani falke daga Tamaske ya zo biro neman takardar tafiya, yana jira a waje na ga ya share wuya da hannun riga, ya duba, abokansa suna ƙyaƙyatawa. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na kwashe littattafan uku na cusa su cikin rumbu a ƙarƙashin damman gero, na ce wa mutanen zaure idona na ciwo. Duk lokacin da kumandan ya kira ni ba tare da na san dalili ba, sai in ɗauka labarin ya kai kunnensa.

Ana nan yaƙi ya kusa ƙarewa, sai wata safiya kumandan ya kira ni yana fara'a, abin da ba ya yi. Ya ce akwai motar silima da ke zagayawa, za ta kwana biyu a garinmu, kuma ya yanke shawara a nuna wa jama'a, ba Turawa kaɗai ba. Ya ce ni zan tsaya a gefe in riƙa fassarawa da ƙarfi. Sannan ya duba takardar da ke gabansa ya karanto sunan fim ɗin. Sunan littafina ne na uku, harafi da harafi. Na ce to, ranka ya daɗe, da Faransanci, na fito. Ban san yadda na kai inuwar bango ba.

Kwana tara ne tsakanin wannan magana da zuwan motar, kuma ina tuna kowanne. Lissafina ɗaya ne. Da zarar rijiyar ta bayyana a bango, rabin garin za su gane labarin. Wani zai ce ga mai rijiya, wani zai share wuya, dariya za ta tashi inda bai kamata ba. Kumandan ba wawa ba ne. Zai tambayi yadda mutanen da ba su iya karatu ba suka san littafin da aka buga a ƙasar Turawa, kuma mutum nawa ne a garin nan suke karanta Faransanci? Ana iya ƙirga mu da yatsun hannu ɗaya.

Na bi mutanen zaure ɗaya bayan ɗaya har gida, ina roƙonsu su yi kamar ba su taɓa jin labarin ba. Duk suka yi alkawari, amma suna yi suna danne dariya, abin da ya ƙara tayar mini da hankali. Matata ta ce in kwanta in ce zazzaɓi ne. Na gwada ranar Talata, kumandan ya aiko da ƙwayoyin magani masu ɗaci da saƙon cewa yana jirana Laraba. Sai na koma kan kawu, don shi na fi tsoro. Sauran suna iya ƙarya, shi bai iya ba. Na sayi goro da turmin atamfa na ce ya kai wa mahaifiyata Deule, har na samo masa jaki. Ya karɓi kayan ya ajiye a ɗakinsa, ya ce zai tafi bayan silima, domin yana so ya ga tudun nan da idonsa, ya san wane irin dutse ne a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Kawu, don Allah in ka je, ka zauna kurum. Kome ka gani, ka bari sai mun dawo gida."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan ga, mi kaka tsoro? In gaskiya ta anka nuna, mi za ni cewa?"

Ranar ta zo. Aka shafa wa bangon wani sito farar ƙasa, motar ta tsaya nesa kaɗan injinta na ruri. Ana sallame magariba fili ya cika. Turawa biyar a kan kujeru a gaba, sarakai da masu unguwa a kan tabarmi, sauran jama'a a baya har kan katanga. Aka ɗora ni a kan wani akwati a gefen bangon, aka ba ni mazurarin gwangwani in yi magana ta ciki. Daga inda nake ina ganin kawu a layi na uku, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Kusa da kujerar kumandan kuma akwai wani gardi, wato ɗan sandan bariki, tsohon soja da ya yi yaƙin farko a ƙasar Turawa. Shi kaɗai ne baƙar fata a kusa da Turawan, ban da ni, da yake jin Faransanci.

Da ma'aikacin ya fito a bango sai na ji numfashina ya dawo. Gajere ne mai tumbi, mai gashin baki kamar na akuya, yana tafiya yana tuntuɓe. Ba ya kama da kumandan ko kaɗan, ba shi da ƙyalle. Masu fim sun mayar da shi wawa mai ban tausayi, wanda ba ya nufin kowa da sharri. Na ji raɗa ta bi cikin taron lokacin da ya nuna tudu da sandarsa, na ji majemi ya yi tari irin na mai haɗiye dariya, amma ba wanda ya ɗaga murya. Turawa suna dariya, jama'a suna dariya, ba mai iya bambance ta wani da ta wani. Na fara fassara da ƙarfin zuciya.

Sai ga magatakarda. Na manta da shi sarai a lissafina na kwana tara. Masu fim kuwa sun so shi, kusan kowane wuri yana nan, siriri, da tabarau, da takardu a hammata, rabin taku a bayan maigidansa. In ma'aikacin ya yi magana, shi yake juyawa ya gaya wa mutane. Aka nuno fuskarsa ta cika bango lokacin da ya leƙa ramin, ya ga ƙura, ya ɗago ya ce ruwa ya kusa. Dole na faɗi wannan da bakina ta cikin mazurari. Na lura raɗar ta tsaya. Mutanen zaure suna kallon wanda ba su taɓa jin labarinsa ba, wasunsu kuma suna kallon gefen bango inda nake tsaye.

Amma ƙarshen ne ya kawo abin da nake gudu, ta hanyar da ban zata ba. A fim ba a kai tsohon gidan mahaukata ba. Ma'aikacin ya yi nadama, ya tuɓe kwat, ya shiga ramin da kansa ya buga diga sau uku, sai ruwa ya yi tsiri sama daga kan tudu. Mata suna rawa, ana kiɗa, mai dubawa yana share hawaye. Jama'a suka zuba wa ruwan ido, don mu a ƙasarmu ko a bango aka ga ruwa sai an dube shi.

Sai kawu ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya kamata in san zai yi. Maginan rijiya suna da ƙa'ida da ba sa karyawa: in rami bai ba da ruwa ba, sai an rufe bakinsa da ƙaya, a kuma yi shela a kasuwa, don kada makiyayi ya koro shanunsa kwana biyu ya zo ya tarar da ƙura. Wanda ya ji an ce akwai ruwa inda babu ya yi shiru, a wurinsu yana da hannu a duk abin da ya mutu a hanyar. Kawu ya rayu da wannan shekara arba'in. Bai yi ihu ba, amma fim ya ƙare an riga an kashe injin, muryarsa ta kai ko'ina.

"Jama'a, wagga ƙarya ta. Babu ruwa bisa tudun ga, kuma ba a samu ba. Cikin littahi mata sunka zuba shi da tulu. Ɗana ya karanta muna, ga shi nan tsaye. Hwaɗa ma Bature hakanan."

Idanu suka juyo kaina. Kumandan ya juyo a kujerarsa, ya ciro ƙyallen ya share wuya, ya tambaye ni me tsohon yake cewa. Ina kallon hannunsa. Ya ninke sau ɗaya, ya ninke sau biyu. Na tuna ƴaƴana, na tuna kaso, na tuna sunan wani gari cikin hamada da aka tura wani ma'aikaci bara bai dawo ba. Bakina ya buɗe kafin in gama tunani. Na ce tsoho ne ɗan ƙauye, tsufa ya fara taɓa shi, ya ga ruwa a bango ya ɗauka na gaske ne, yana roƙo a ba shi ya sha.

Turawan suka fashe da dariya. Matar ɗaya daga cikinsu har da tafi. Kumandan ya mayar da ƙyallen aljihu bai kai ninki na uku ba, ya ce a kawo wa dattijo ruwa. Kukunsa ya kawo a kofin gilashi a kan faranti, ya ratsa tabarmin sarakai ya miƙa wa kawu a gaban duk garin. Kawu bai san dalili ba. Amma ba a mayar da ruwa, don haka ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo, ya yi bisimilla, ya sha, ya yi godiya. Dariyar Turawa ta ƙaru. Na dubi gardin, na ga shi ba ya dariya, ni yake kallo.

Da taro ya watse kumandan ya ce in raka shi zuwa ƙofar gidansa. Yana cikin nishaɗi. Ya ce abin takaici ne yadda masu fim suka lalata labarin, domin a littafin ba ruwan da ya fito, kuma hakan ya fi. Ya ce marubucin nan shi ne wanda ya fi so a duniya, ya karanta duk abin da ya rubuta, kuma ya san irin ma'aikacin nan da yawa a babban birni, har ya ambaci biyu. Ya tambaye ni ko na taɓa karanta shi. Na ce a'a. Ya ce zai ara mini, zan ƙaru. Na yi masa sai da safe na juya. Wata shida ina rama saboda mutumin da ko an karanta masa littafin a kunne da ƙyallen a ciki ba zai ga kansa ba.

Washegari da hantsi na tarar da kawu a zaure ya ɗaure kayansa, goro da atamfar mahaifiyata a sama, jaki a ƙofa. Matata ta riga ta gaya mini gardin ya zo tun da sassafe, sun yi magana da kawu a waje. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na fara kame-kame, ina cewa kaso, ina cewa yara. Ya ɗaga hannu.

"Na ji abin da kac ce mai. Ba shi nika tambaya ba. Wancan mai tabarau, da ka bin mai rijiya da takardu, akwai shi cikin littahi?"

Na ce akwai shi.

"Tun hwarko?"

Na ce tun farko.

Ya murza igiyar kayansa. Bai tambaye ni dalilin da ya sa ban taɓa ba su labarinsa ba, kuma da ya tambaya da ya fi mini sauƙi. Abin da ya tambaya shi ne yadda mutumin ya ƙare, ko shi ma an kai shi wani wuri, ko mutanen garin sun yi masa wani abu. Na ce a'a, ba abin da ya same shi. Ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin wanda aka kawo daga baya, da wanda ya biyo bayan wannan, har ya tsufa, mutane suna gaishe shi a hanya.

Kawu ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi in na faɗi launin ƙasa ya dace da abin da ya sani. Ya ce, "Ka gani. Littahin ga ba shi ƙarya."

Na kama masa ya hau jakin. Ya yi wa matata sallama, ya shafa kan yara, ya sa mini albarka kamar yadda ake yi. Ya rayu shekara shida bayan haka a Deule, ina zuwa gaishe shi kowace sallah, yana karɓata da kyau, yana tambayar iyali da aiki. Bai sake ce mini in ba shi labari ba, ko na littafi ko na gari. In wani abu ya faru a Madawa yana so ya sani, sai ya bari in fita ya tambayi wanda ya rako ni.

Daga baya, da na je babban birni, na ga fim ɗin mai haƙa kabari da na ƴan'uwan nan masu bishiya. Duka an zuba musu zuma a ƙarshe, bishiyar ma har ta sake tofo. Ban ji haushi ba, na riga na san masu fim ba sa iya barin mutane su koma gida da ɗaci a baki. Littattafan suna nan a wurina, na rijiyar har yanzu yana warin gero. Kumandan ya cika alkawari ya ara mini nasa, na riƙe mako biyu na mayar na ce ya yi daɗi. An canza shi aka kawo wani, aka kawo wani bayan wannan, duk na yi musu tafinta. Ba a taɓa kai ni kaso ba, ba a tura ni ko'ina ba. Na tsufa a bakin aikina, kuma har yau in na fita mutane suna gaishe ni a hanya.